Inda Maigari Ke Zaune

Ku da aka turo mini staj, wato koyon aiki, a meri, ofishin magajin gari, bana, na lura da kallon da kuke yi mini duk lokacin da na ce sana'ata auna nisa. Jiya ma wani daga cikinku, mai dogon wuyan nan da ba ya rabuwa da salula, ya ce mini, "Mushe Rabe, wanga aiki ai salula na yin shi kahin ka ƙibta ido." Gaskiyarsa, tana yi. Jaki ma yana zuwa kasuwa duk mako, amma ban taɓa jin ya yi ciniki ba. Tunda yau kuran ya tafi ba lantarki, gurup, injin wutarmu, kuma ba mai, ku matso da kujerunku in gaya muku abin da na yi furfura ina yi a Dakoro.

A baki aikin ba shi da wuya. Puroje, wato shirin masu tallafi, ya zo da foraj goma, rijiyoyin burtsatse ke nan, garuruwan da ke kukan ruwa kuwa sun fi ƙarfin yatsun hannu da na ƙafa. Dole wani ya ce wane gari ya fi nisa da ruwa, kuma ya faɗa ta yadda in an tsare shi da tambaya zai iya kare kansa. Wannan mutumin ni ne. Nakan buɗe tablo, wato jadawali, a ordinater, kwamfuta ke nan, in jera sunayen garuruwa daga sama zuwa ƙasa, kowane da lambobinsa biyu: latitid mai nuna yadda ya yi arewa, da lonjitid mai nuna yadda ya yi gabas. A layin sama kuma in jera duk inda ake da ruwa, foraj ne ko rijiyar siminti. Kowane gida na tablon yana ɗauke da nisan gari ɗaya da ruwa ɗaya. Can ƙarshe akwai layin da ke tsamo ruwan da ya fi kusa da kowane gari. Sai in sa tablon ya jera su, mai nisa a sama. Na sama su samu, na ƙasa su jira wani purojen. Haka ake yi wa lakwal, wato makaranta, haka ake yi wa ƙaramar likita, wato ɗan asibiti.

Wanda ya koya mini, Mushe Laminu, wato Malam Laminu, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aunin filaye ne mai baƙar zuciya da farin aiki. Ranar da ya fara koya mini bai bar ni na taɓa ordinater ba. Kankana ya sayo ya ɗora a tebur, ya ce in dubi zanen jikinta. A tsakiya layukan suna da faɗi tsakaninsu, amma suna ta matsowa har su haɗu a ka. Ya ce haka layukan lonjitid suke a jikin duniya. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita ɗari da sha ɗaya ne kusan ko'ina, amma daga yamma zuwa gabas yana tsukewa in kana yin arewa. A nan wajenmu bai wuce ɗari da takwas ba. Shi ya sa kosinus yake cikin formil ɗin lissafin nisa, ba don ado ba. Da ya gama bayani ya yanka kankanar ya ci, bai ba ni ko yanki ba, ya ce sai ranar da na fitar da nisan Dakoro da Mai Yara da biro da takarda. Na fitar, amma kankanar ta daɗe da zama tarihi.

Ga ramukan da ke cikin aikin, ku riƙe su, don duk na ga mutane sun faɗa ciki. Na'urar ɗaukar wuri, wadda muke kira jepeyes, takan ba ka digiri da minti da sakan. Wanda bai sani ba sai ya ga sha huɗu da minti talatin, ya rubuta sha huɗu wakafi talatin. Minti sittin ne digiri, saboda haka talatin rabi ne, wakafi biyar ke nan. Wannan ɗan kuskuren kaɗai yana ɗauke gari ya jefa shi fiye da kilomita ashirin. Na biyu, kosinus na ordinater ba ya cin digiri sai ka mayar masa da shi radiyan, in ba haka ba zai ba ka amsa da fara'arsa, amsar kuwa shirme ce. Na uku shi ne turke. In za ka ja formil daga gidan farko zuwa ƙasa, sai ka ɗaure lambobin rijiyar da alamar dalar Amurka, in ba ka ɗaure ba rijiyar za ta biyo ka tana gangarawa layi layi. Na taɓa samun wani ajan, ma'aikacinmu mai ɗauko lambobi, ya juya latitid da lonjitid, ya kawo mini tablo yana washe baki. Na ce masa, "Malam, yaushe mutanen Bader Gula sunka koma Kamaru?" Mu nan kullum sha huɗu da ɗoriya ne arewa, shida ko bakwai gabas. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In ka ga tablo ya ce tsakanin garuruwa biyu da ke jin kiran sallar juna kilomita ɗari ne, kada ka kai wa direkter, ka koma ka duba.

Masu zuwa wurina kuwa, kowa garinsa ne ya fi nisa. Ban taɓa ganin konseye, wato kansila, ya shigo biro, ofishina ke nan, ya ce, "Mu alhamdu lillahi, ku ba wasu" ba. Sukan zo da zabi a ɗaure, wani da ƙwaryar ƙwai. Na mayar da zabi da yawa a rayuwata, matata shaida ce, don har yau tana yi mini gori. Nakan ce musu zabuwa ba ta ƙara kilomita. Wasu su yi dariya, wasu su daina gaishe ni har a gama rabon.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Abin da ya fi formil wuya shi ne inda za ka tsaya ka danna na'ura. Gari ba ɗigo ba ne, amma tablo ɗigo ɗaya yake karɓa, wanda muke kira puwan. Da can kowane ajan yana tsayawa inda ya ga dama, wani a inuwar kasuwa, wani ma daga tagar mota. Sai aka kafa doka: layi ɗaya ga kowane garin da gwamnati ta sani, puwan kuma a ƙofar gidan maigari. Doka ce mai kyau, ni ma na goyi bayanta. Sai dai wanda ya rubuta ta bai san yadda mutanenmu ke zama ba. A ƙasar nan in gonaki sun yi wa gari kaɗan, ƙanne sukan yi arewa su sari daji su kafa tunga, amma ba sa yanke cibiya. Lanho, wato haraji, suna biya wa maigarinsu na asali, shari'a can suke kai ta, sunansu yana cikin nasa. A ido suna can nesa, a tablo kuwa suna zaune a ƙofarsa.

A shekarar da damina ta gaza mana, tabkuna suka ƙafe tun ba a gama ɗaure hatsi ba, masu rijiya suna ta ƙara igiya. Purojen da nake yi wa aiki saura foraj ɗaya ya rage masa, kuma masu injin haƙa sun ce da ruwan farko za su tattara su tafi. Sharaɗin shi ne gari ya fi kilomita biyar da ruwa, a cikin waɗanda suka cika sharaɗi kuma a ba mafi nisa. Ana nan sai wani dattijo siriri ya shigo birona, ya cire takalmi a ƙofa duk da na ce ya bari. Ya ce sunansa Sha'aibu, daga wata tunga a ƙasar Korahane, ƙanen Maigari Barmu.

"Mushe, an ce kai ka auna nisa. Ka duba mani namu. Matanmu na hita da jakkai bayan asuba, ba su komowa sai azahar ta gota. Ɗiya mata duk mun hidda su lakwal sabadda ɗibar ruwa."

Na nemo garin Barmu a tablo. Yana can ƙasa, kusa da na ƙarshe, don akwai foraj daidai ƙofar maigarin, ko kilomita ɗaya bai kai ba. Na juya masa ordinater na gaya masa gaskiya: a wurin purojen shi da iyalinsa suna kwana a bakin ruwa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "To mu da ke can mun hi waɗanda ke cikin gari yawa."

Wani konseye da ke zaune yana jiran magajin gari ya tsoma baki. "Mushe Rabe, lamba biyu ce hwa. Ka canza ta mana, wa za ya gani?" Nan raina ya ɓaci, na ɗaga murya har sakatare ta leƙo. Na ce masa ranar da aka kama lamba ɗaya ta ƙarya a tablona, duk foraj ɗin da na taɓa rabawa ya zama abin zargi, kuma gobe shi ne zai fara cewa an cuci garinsa. Abin da ya sa garin da bai samu ba yake haƙura shi ne ya san ban taɓa komai ba.

Na ce wa Sha'aibu hanya ɗaya na sani: su nemi perefe, wakilin gwamnati, ya mayar da tungarsu gari mai maigarinsa, sai a buɗe musu layi. Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"Uwarmu guda, ubanmu guda. Shi ya riƙe ni da tsohonmu ya rasu, shi ya yi mani aure. In tahi gaban perefe in ce a raba ni da shi don ruwa? Ba ni iyawa, Mushe."

Ko da ya yarda ma, takardun ba za su fito ba kafin masu haƙa su tafi. Na je wurin direkter na roƙi a ƙara layi. Mutum ne mai kirki, amma ya ce masu ba da kuɗi sun sa hannu a kan garuruwan da gwamnati ta sani, in ya buɗe ƙofa ga tunga ɗaya, ɗari za su shigo, shi kuma a kore shi. Ban ga laifinsa ba.

Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya sai na ga nisan da idona. Na ɗauki mota da shofer muka tafi. Ba a shiga ƙasar mutum ta bayan gida, saboda haka muka fara sauka wurin Maigari Barmu. Tsoho ne ƙaƙƙarfa mai farin gemu, yana zaune a zauren ƙasa da ubansa ya gina, ga foraj can mata suna ta cika bido, jarkokin ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta canza.

"Na san irin ku. Yau ku ba shi puwan, gobe a ba shi rawani. Ka zo raba mani gari ne, yaro?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni da wuƙar raba gari. Ina son in san nisan ne kawai, kuma in na komo kai za ni hwara gwada ma." Ya yi ta jan carbi, can ya ce in je.

Hanyar rairayi ce, mota tana nishi. Muka yi ta wuce mata da jakai, bido huɗu huɗu, wasu da goyo. Na ɗauki puwan a tsakiyar tungar, na zauna cikin mota na shigar. Kilomita sha ɗaya da 'yan kai, a miƙe, ban da kwane-kwanen hanya. Garin da ke saman tablona a lokacin tara yake da su, kuma mutanensa ba su kai na tungar ba.

Da muka dawo na ɗora ordinater a kan tabarmar Barmu. Bai yi boko ba, amma ba ya bukatar a maimaita masa magana. Na nuna masa layinsa, na ce wannan garinsa ne, waɗannan lambobi biyu kuma ƙofar zauren nan ce.

"To mutanena na tunga ina suke ciki?"

"Suna nan cikin layinka, Baba. Tablo ya ɗauka duk a ƙoharka suke kwana."

Ya dubi foraj ɗin ta ƙofar zaure. "Wato ni na tare masu ruwa."

"Ba kai ba, Baba. Doka ce ta ce inda maigari ke zaune, nan ne gari."

"Inda maigari ke zaune," ya maimaita. "In ya tashi hwa?"

Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi, amma na amsa masa da gaske, don na san halin mutanenmu. Na ce in mutum ya kai tabarma wani wuri ya yini ya dawo, ni ba zan rubuta ba. Kuma masu kontrol, masu binciken aiki, sukan zo ba sanarwa, in suka tarar ƙarya ce za a soke komai. Ya sa aka kawo mana fura, muka sha muka tafi. A hanya na ce wa shofer wannan magana ta mutu.

Bayan kasuwa ta ci, sai ga saƙo: Maigari Barmu ya ce in zo da ƙarfena, a tunga zan same shi. Muka isa da hantsi. Ga amalanke biyu an kwance shanu, ga gadon ƙarfe an jingine, ga akwati, ga turmi, ga tsohuwar matarsa tana nuna wa mata inda za a kafa murhu. An yi sabuwar bukka ta zana kusa da gidan Sha'aibu. Tsohon yana zaune a ƙofarta a kan buzunsa da rawaninsa, kamar nan aka haife shi. Sha'aibu yana durƙushe gabansa, da gani ya daɗe yana magiya.

"Yaya, don Allah ka koma gida. Mu mun saba da wahalar. Kai da ciwon ƙahwa, ƙaƙa za ka baro ɗakin ƙasa ka kwana cikin zana? Mi mutane za su ce?"

"Yi mani shiru, ba kai ni tambaya ba." Ya juyo wurina. "Na aika ma Sarki, ya sani. Na bar babban ɗana shi riƙe gida. Mai ƙara, mai lanho, duk nan za su iske ni. Kun ce inda maigari ke zaune nan ne gari. To ga ni zaune. Danna."

Na tsaya a ƙofar bukkar na ɗaga jepeyes sama ina jiran ta kama taurarinta. Na ɗauki puwan ba adadi a rayuwata, amma ran nan na ji kunyar tsohon nan ta rufe ni. Da lambobin suka tsaya na karanta masa su da ƙarfi, ko da yake ba abin da zai gane a ciki. Ya ce, "Madalla."

A biro na goge lambobi biyu na sa sababbi, na sa tablo ya sake jeri. Garin Barmu ya tashi daga ƙasa ya haye sama. Direkter ya kira fadar Sarki aka tabbatar masa, ya ce doka ba ta hana maigari ƙaura ba. Masu kontrol suka je ba sanarwa kamar yadda na faɗa, suka tarar da tsohon a ƙofar bukka yana raba rigimar akuyar da ta shiga rumbu. Mutanen tsohon gari sun yi ta guna-guni, don yanzu su ne ke shan rairayi in suna da magana da maigarinsu. Wasu sun ce tsufa ne ya taɓa shi. Garin da aka ture daga sama ma sun zo mini da faɗa, na buɗe musu tablo na ce su auna da kansu. Injin ya shiga tungar hadari yana haɗuwa a gabas, kuma Allah ya sa aka samu ruwa.

Bayan an gama komai, an miƙa foraj, purojen ma ya rufe, aiki ya bi da ni ta wajen, na tsaya gaishe shi. Damina ta yi wa bukkar illa, shi ma ya rame, ƙafar ta kumbura. Ga mata a bakin ruwa suna hira ba gaggawa. Na durƙusa na ce, "Baba, aiki ya ƙare. Masu kontrol ba su sake zuwa. Ka koma zaurenka ka huta, ba wanda za ya tone ruwan ga."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni na ce maka nan nike zaune, kai kuma ka rubuta ka sa hannu. In na tashi yau, na maishe ka maƙaryaci. Ni kuma mi na zama?"

Sha'aibu ya gina masa ɗakin ƙasa da rani, ya zauna ciki har Allah ya yi masa cikawa. Da za a rufe shi 'ya'yansa suka kawo amalanke don a kai shi kusa da ubansa, sai tsohuwar ta ce ya bar wasiyya kada a ɗaga shi. A tungar aka yi masa kabari, gabas da foraj kaɗan. Ni na je jana'izar, a sahu na biyu na tsaya, bayan Sha'aibu, ina jin kukansa.